Amsa ga mai neman tarihin tsohon gidan giya da ya saya a Ingila

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ka sayi gida a wani ƙaramin gari a Ingila, maƙwabta sun gaya maka a da giya ake sayarwa a cikinsa, kana son sanin su wa suka mallake shi, su wa kuma suka riƙe lasisinsa. Na bi wannan sawun a kan gidan da muke zaune, ga abin da na gano.

Tun farko ka ware takarda biyu, ɗaya ta masu gida, ɗaya ta masu lasisi, domin galibi ba mutum ɗaya ba ne. Mai lasisi ɗan haya ne. Gidan kuwa na wani mai hali ne, ko na kamfanin da ke dafa giyar, wanda kan gindaya masa sharaɗin kada ya sayar da ta kowa sai tasa. In ka cuɗa su wuri guda sai ka ɗauka gidan kullum a kasuwa yake, alhali 'yan haya ne ke shiga suna fita.

Dokar 1830 ce ta haifar da irin waɗannan gidaje. Duk magidancin da ke biyan harajin gida, in ya kai fam 2 da sule 2 ofishin haraji, sai a ba shi lasisi ba tare da ya tsaya gaban majistare ba. Giya kawai zai sayar, ban da barasa mai ƙarfi irin su wiski da jin (gin). Kafin shekarar ta ƙare an ba da lasisi sama da 24,000. Tunda kotu ba ta da hannu a lokacin, kada ka ɓata ƙafarka neman lasisin a takardunta kafin 1869, shekarar da aka mayar da al'amarin hannun majistarori. Dokar 1872 ce ta wajabta ajiye rajista mai ɗauke da sunan mai gida da na mai lasisi, kuma a ma'adanar tarihi ta gundumarku za ka neme ta. Da ita za ka fara.

Shekarun da suka gabaci haka sai da haƙuri. Taswirorin ushirar coci da aka zana bayan 1836 suna tafe da jerin mai fili da mai zama a ciki. Sai ƙidayar jama'a, daga 1841, duk shekara goma. A nan na fi jin daɗin aikin. A wata ƙidaya, mutumin da ke zaune a gidanmu a lokacin an rubuta shi baduku kuma mai sayar da giya, ga matarsa, ga 'ya'ya, ga 'yan haya a ɗakin sama. A ƙidaya ta gaba babu shi, matar ce shugabar gida, ita ke riƙe da sana'ar. Ni dai a ganina tun yana raye ita ce mai aikin, shi yana can da takalmansa. Da na sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa na tarar da gangaren da ake mirgino ganguna ta kansa, bakinsa an toshe da bulo mai launi daban da na bango.

Littattafan adireshi irin na Kelly's suna taimakawa, amma sau da yawa sunan mutum da titi kawai suke kawowa, babu sunan gidan. Lambobin gidaje ma sun sha canzawa, don haka ka riƙa bin sunayen maƙwabta na dama da hagu.

Game da rufe shi, duba bayan 1904. Dokar wannan shekarar ta ba da damar soke lasisin gidajen da aka ga sun yi yawa, a biya diyya, kuma jaridun gari kan kawo zaman da aka yi, har da kason mai gida da na ɗan haya. Ƙididdigar darajar filaye ta 1910, da ke ma'adanar ƙasa a unguwar Kew ta Landan, ita ma ta rubuta mai gida da mazauni.

Amma kafin duk wannan, tuntuɓi lauyan da ya yi maka cinikin, ka roƙi tsofaffin takardun gidan in suna nan. Kamfanonin giya kan sa sharaɗi lokacin sayarwa cewa kada a sake sayar da barasa a gidan. In akwai shi a naka, ka samu sunan kamfanin da shekarar da ya saki gidan a takarda ɗaya.