Ina zan sami mai koya mini ginin tukwane?

'Yar'uwa, kin ce kina Marwa, kina son koyon ginin tukwane da sassaƙar yumɓu, kina tambaya ko sai an shiga makaranta. A ganina, ki fara neman tsohuwar maginiya. Ranar kasuwa ki je wurin masu sayar da randa da tulu, ki tambayi wadda ta gina su, domin mai sayarwa ba lallai ne ita ce mai ginawa ba.

Idan ta karɓe ki, kada ki yi gaggawa. Da farko jiƙa yumɓu za ki yi, ki tsince tsakuwa, ki daka tsingaro a kwaɓa da shi don kada tukunya ta fashe a wuta. Ki lura da yadda take shanya ɗanyen aiki a inuwa, musamman lokacin hunturu da iska ke tsattsaga shi. Gashin kuwa, sai kin tsaya kusa da ita sau da yawa kafin idonki ya gane wutar da ta isa.

In kin sami hali, ki leƙa ƙauyen Gawi kusa da Injamena a ƙasar Chadi, inda matan ƙabilar Kotoko suka yi suna a wannan sana'a. Akwai gidan tarihi can mai kayan yumɓun mutanen Sao, waɗanda suka zauna a yankin a zamanin da. Kuma kada ki je wa maginiya hannu rabbana, ko goro ne ki riƙe.