Amsa: adireshin shafukan da na tara sun fara mutuwa

Ɗan'uwa, ka ce adireshin shafukan da kake tura wa kanka a WhatsApp sun yi maka yawa, kuma wasu in ka latsa sai ka tarar babu shafin. Wannan ta biyun ita ta fi damuna.

Adireshi kaɗai ba ajiya ba ne. Cibiyar Pew ta Amurka ta gano a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke nan a 2013 sun daina buɗuwa bayan shekara goma. Saboda haka duk shafin da kake ji da shi, shiga web.archive.org, ka liƙa adireshinsa a akwatin Save Page Now. Nan take Wayback Machine, wato ma'ajiyar shafukan intanet da ke wurin, zai kwafe shi, ya ba ka sabon adireshi mai ɗauke da ranar da aka kwafa. In bincike kake yi, Zotero, manhajar tara madogaran bincike, ya fi dacewa; kyauta ne, kuma yana ajiye kwafin shafin a kwamfutarka, ko babu data ka karanta.

Don Allah kada ka jibge komai a manhajar kamfani guda. Kamfanin Mozilla ya rufe Pocket, manhajarsa ta ajiye shafuka, a Yulin 2025, mutane suka yi ta gaggawar kwashe kayansu. Ni Obsidian, manhajar rubuta bayanai, nake amfani da shi, domin fayilolinsa rubutu ne zalla da ke cikin na'urarka.

Batun tsari kuwa, kar ka wahalar da kanka da tulin rukunai. Ƙarƙashin kowane adireshi rubuta layi ɗaya da bakinka, misali "farashin taki, don rubutuna kan noman rani". Da kalmomin nan za ka lalubo shi in ka manta sunan shafin.