Layi 12 a kan tef da uku bisa huɗu duk ɗaya ne

Ka ce ka auna katako, ka ƙirga ƙananan layuka 12 bayan inci 5, amma a takardar aiki an rubuta inci 5 da 3/4, shi ne kake tambaya wanne za ka bi. Ɗana, duk ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta.

Jawo tef ɗin ka duba da kyau. Yawanci an raba kowane inci gida 16. Layin da ya fi tsawo a tsakiya shi ne rabi, wato 8/16. Masu bi masa a tsawo su ne kwata, 4/16 da 12/16. To kai a kan 12/16 ka tsaya. Raba 12 da 4, raba 16 da 4, sai ga 3/4. Abin da ka yi wa lambar sama, shi za ka yi wa ta ƙasa, ko rabawa ko ninkawa.

Ban da ƙari! Nan ne yara ke ɓata katako. In ka ƙara 2 a sama da ƙasan 1/2 za ka samu 3/4, ka wuce da kwatar inci guda, ƙofa ba za ta shiga gurbinta ba.

A kan tef abin da sauƙi: yi ta raba su biyu har sai ta sama ta zama mara. 10/16 ya koma 5/8, 6/16 ya koma 3/8. Amma dabarar nan a tef kaɗai take wadatarwa. Ɗauki 18/24: ka raba biyu ka samu 9/12, tara mara ce, duk da haka ba ka gama ba, domin 3 tana shiga cikinsu duka. Da ka nemi babbar lambar da ke raba su tun farko, wato 6, da ka sauka a 3/4 kai tsaye.

Wajen haɗa kauri kuwa, ninkawa za ka yi. Falanki mai 3/8 a kan mai 1/4: mayar da kwatar 2/8, ka samu 5/8. Kada ka haɗa lambobin ƙasa.

Sannan in za ka ƙirga, kada ka sa layin incin kansa cikin lissafi. Na gabansa shi ne ɗaya.