Shin yaro yana gadon fashi daga mahaifinsa?

Tambaya: Likita, mahaifin ɗana yana gidan gyaran hali saboda fashi. Yaron shekararsa bakwai, amma dangi sun fara cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, har wani mai magani ya ce sai an wanke masa jini. Gaskiya ne zai gaji ubansa? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki. Babu ƙwayar gado ta sata ko ta fashi. Abin da gado ke da hannu a ciki shi ne ɗabi'a, irin saurin fushi ko gaggawa, kuma ƙwayoyi masu yawa ne ke haɗuwa, kowace da ɗan tasirinta.

Maganar "jinin sata" kuwa ta ishe ni, domin kusan kullum sai an kawo mini ita, har daga bakin masu ilimi da ke kafa hujja da wata ƙwayar gado mai suna MAOA, wadda suke dangantawa da mugun hali. To, su karanta binciken da aka yi a Dunidin ta ƙasar Niyu Zilan, wanda ya fito a 2002. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mazan da aka bibiya suna da nau'in ƙwayar mai rauni, amma mugun hali bai yawaita a cikinsu ba sai ga waɗanda aka azabtar tun suna ƙanana. Ke nan bugu da gori da tsangwamar da ake yi wa yaro da sunan gyara su ne haɗarin. Yaron da aka kira ɓarawo yana shekara bakwai, aka daina aikensa kasuwa, aka hana yara wasa da shi, wa aka bar masa ya yi abota da shi? Jini kuwa ba a wanke shi, mai maganin kuɗinki yake so.

Doka ma tana tare da ke. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa, Alƙur'ani kuma ya bayyana cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani.

Abin da ya fi damuna a Zamfara shi ne gubar dalma, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, kuma tana lalata ƙwaƙwalwa, tana sauya hali. Idan kun taɓa zama inda ake niƙa dutsen zinare, wanda daga ƙurarsa gubar ke fitowa, ki kai shi asibiti a auna jininsa.