Kakarmu ta tsufa, zaurenmu na WhatsApp kuma sai hayaniya: ta ina zan fara adana tarihin gidanmu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni haifaffiyar Aboabo ce a Kumasi. Danginmu sun watsu: akwai na Nima da Madina a Accra, akwai na Tamale, akwai reshen da ya koma Kano tun zamanin Busia, Firayim Ministan Ghana na da, ga kuma yaranmu a Jamus da Amurka. Shekara uku ke nan da muka buɗe zaure a WhatsApp, mun fi mutum tamanin, amma ban da gaisuwar Juma'a da bidiyoyin da ake turowa da rigimar kuɗin yayi, wato ankon biki, babu abin da ake yi a ciki. Kakarmu ta tsufa sosai, kuma ita kaɗai ta rage da ta san yadda kakanninmu suka zo ƙasar nan. Ina so zumunci ya yi ƙarfi, tarihin kuma kada ya ɓace. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Ki fara daga ɗakinta. Zauren zai iya jira, ita kuwa ba mu san iya kwanan da ya rage mata ba. Na daɗe ina bin tsofaffin zangonni, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi a garuruwan Ghana, da na'urar ɗaukar murya, kuma abin da har yau yake ci mini rai shi ne wata goggona da na yi ta cewa sai bayan Sallah zan zauna da ita. Kafin Sallar ta zo an yi mata addu'ar bakwai.

Wayarki ta isa. Ki zaɓi lokacin da gida ya yi shiru, da hantsi bayan yara sun tafi makaranta, ki sayo mata goro ko abin da take so, ki nemi izininta, ki ajiye wayar kusa da ita a kan tabarma ki manta da ita. Kada zaman ya wuce minti talatin ko arba'in, gara ki koma sau goma. Kuma kada ki ce mata "Kaka, ba ni tarihin gidanmu." Duk tsohuwar da aka yi wa wannan tambayar, amsarta ɗaya ce: "Wane tarihi gare mu? Daga Kano muka zo." Shi ke nan, an rufe ƙofa. Ki tambayi ƙananan abubuwa. Wa ya yi mata kitso ranar aurenta? A gidan wa mahaifinta ya sauka da ya iso Kumasi, wane ne mai masaukinsa? Me ake dafawa a gidan ranar Sallah? Wa ya koya mata karatu? Daga bakin mai kitso za ki ji sunan wata inna da ba ki taɓa ji ba, daga innar kuma sai ga garin asali ya fito. In ta kauce ta shiga wani zancen, ki ƙyale ta, sau da yawa a kaucewar ake tsintar abin da aka zo nema.

Matsalar da za ki fara cin karo da ita ita ce shekara. Tsofaffinmu ba sa riƙe lamba, abin da ya faru suke riƙewa, don haka ki tafi da ma'auni a kanki. In an ce kakan kakanku fataken goro ne da suka zauna a Salaga har yaƙi ya tashe su, to wannan yaƙin basasar Salaga ne na 1892, wanda ya watsa Hausawa zuwa Kete Krachi da Yeji da sauran garuruwa, wasu suka gangaro har bakin teku. In an ce wani ya yi karatu a gaban babban malamin nan Alhaji Umaru na Krachi, kafin 1934 ke nan, domin a shekarar ya rasu. Zangon Kumasi kansa bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, wanda Asantawa suka yi da Turawan Ingila, ya bunƙasa sosai. "Shekarar da ƙasa ta girgiza a Accra" 1939 ce. "Ranar da rana ta yi duhu" ga mai shekarunta, husufin 1947 take nufi. Samun mulkin kai 1957, daina kashe fam da sule aka koma sidi 1965, komawar motoci tuƙi ta hannun dama 1974, babbar yunwa da gobarar daji da dawowar 'yan Ghana daga Najeriya 1983. Sai ki riƙa tambaya: lokacin kina goyon wa? An yi miki aure ko tukuna? Da haka za ki ɗaure kowace haihuwa da rasuwa a kusa da shekararta, ko da an samu kuskuren shekara ɗaya ko biyu.

Reshenku na Kano kuwa, kusan tabbas dokar korar baƙi ce ta watan Nuwamba 1969 ta raba ku, wadda ta ba marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Gidaje da yawa a zango sun rabu biyu a lokacin, wani ya hau mota, ɗan'uwansa ya zauna. Waɗanda suka tafi sun tafi da rabin labarin, wani lokaci har da takardu da hotuna. Ki nemi mafi tsufa a cikinsu, ki sa wani yaro a can ya yi masa irin tambayoyin da kika yi wa Hajiya. Za ki ga ruwayoyin sun saɓa. Kada ki zaɓi ɗaya ki jefar da ɗaya, ki rubuta duka biyun, kowace da sunan wanda ya faɗe ta.

Bayan baki sai akwati. Ki roƙi Hajiya ta buɗe miki adakarta. Abin da nake yawan samu a irin waɗannan akwatunan: tsohon fasfon aikin hajji, takardar fili, littafin sallama na wanda ya yi soja, hotunan da aka ɗauka a shagon mai hoto, da Alƙur'ani ko wani littafi da malamin gidan ya rubuta haihuwar 'ya'yansa da ajami a bangonsa. Na taɓa ganin wani da aka jera sunaye goma sha ɗaya da tawadar zuge, kowane da rana da watan Musulunci, masu gidan kuma ba su san akwai shi ba domin an naɗe shi cikin tsohon zane shekara da shekaru. Ki ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, a hasken rana, a inuwa. Bayan hoto yakan fi gabansa amfani, can ne hatimin mai hoto da sunan gari suke. Rubutun ajami kuwa ki kai wa tsohon malami ya karanta kina ɗaukar muryarsa. In neman ya kai ki nesa, hukumar adana takardun gwamnati, PRAAD, tana da ofis a Kumasi da Accra da Tamale, kuma cibiyar nazarin Afirka ta jami'ar Legon tana da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tattara daga malaman ƙasar nan. Amma wannan sai daga baya.

Wurin zana reshen dangi, abubuwa uku suke rikita mu. Na farko suna: a gida ɗaya sai a samu Muhammadu huɗu, kowa kuma da laƙabinsa ake saninsa, Ɗanladi ko Babangida ko Mai Goro, ga alkunya da ke hana uwa faɗin sunan ɗan fari. Ki rubuta sunan yanka da laƙabi tare. Na biyu riƙo: yaron da goggo ta raina, kowa ya ɗauka nata ne, ki nuna wanda ya haifa da wanda ya riƙa. Na uku, wanda ya fi duka nauyi, shayarwa. Hajiya ce ta san wa ya sha nonon wa, kuma wannan magana ce ta halaccin aure. Yaran da suka girma a Hamburg da Bronx suna haɗuwa ta waya su shirya kansu, ba wanda zai tuna musu in ba a rubuta ba. Kada kuma ki bi maza kaɗai. Ta wajen iyaye mata za ki ga Bagonjiya da Badagombiya da Ba'asantiya da Bayarabiya a cikin jininku, haka zango yake.

Yanzu zauren. WhatsApp tsakar gida ne, a yi hira a watse, ba ya aikin rumbu. Waya takan faɗa ruwa, akan fizge ta a kasuwar Kejetia, mutum ya canza lamba komai ya tafi. Hoton da aka tura ta hanyar da aka saba ma matse shi ake yi ya rage kyau, sai dai a tura shi a matsayin fayil. Don haka duk abin da kika ɗauka ki ajiye shi wuri uku: a Google Drive, wanda yake ba da gigabait 15 kyauta, a kwamfuta ko filashi, sannan a hannun wani ɗan'uwa a wani garin. Kowane fayil ki sa masa sunan mai magana da ranar da aka ɗauka. Reshen dangin kuma a buga shi a takarda.

Hayaniyar da kike kuka da ita ba za ta ƙare da wa'azi ba, raba ɗaki za ki yi. Ki bar tsohon zauren yadda yake, a yi gaisuwa da barkwanci. Ki buɗe wani wanda masu kula da shi kaɗai suke iya turawa, na sanarwar suna da aure da rasuwa da tarihi. Maganar kuɗi ta koma nata wurin, da mutum biyu masu riƙe lissafi, kuma kada kowa ya tura kuɗi ta MoMo, wato ta waya, sai ya kira ya ji murya, domin ɓarayi suna ƙwace lambar mutum su roƙi danginsa da sunansa. Kowa ya kunna lambar sirri ta mataki biyu, kuma kada ya ba kowa lambobi shidan nan da ake turowa ta saƙo. Masu kula da zauren su haɗa da babba guda da ake jin kunyarsa, ko da wani ne zai riƙa danna masa wayar.

Abin da na ga yana raya zaure shi ne abu kaɗan a kan lokaci. Duk Juma'a bayan an sauko, ki saka tsohon hoto guda ki ce wa ya gane waɗannan, ko ki yanko minti biyu daga muryar Hajiya. Za ki ga kawun da bai taɓa cewa uffan ba ya turo saƙon murya na minti bakwai yana gyara muku. Wannan ma ki adana shi. Yaran waje da Hausarsu ta yi rauni, ki ba su aikin rubuta fassarar abin da Kaka ta faɗa da Turanci ko Jamusanci, dole su kira iyayensu su tambayi ma'anar kalma.

Akwai kuma abin da ba na zaure ba. In Hajiya ta sauke murya ta ce miki wance baiwa ce aka sayo a Salaga, ko wane ba ɗan gidan ba ne, ko ga dalilin mutuwar auren wance, ki tsayar da ɗauka ki tambaye ta ko ta yarda a ji. Mutum tamanin ba su riƙe sirri, saƙo ɗaya ake turawa gaba ya isa inda ba a nufa ba. Haka takardun shaida: kada a saka hoton Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ko fasfon mai rai ko takardar fili a zaure. Kin san yadda maganar asali take wa mutanen zango a wajen yin takardu, wanda aka haifi kakansa a Kumasi ma sai a tsare shi da tambayoyi. Irin waɗannan su zauna a hannun mutum biyu ko uku da dattawan gidan suka amince da su, ki kuma gaya wa Hajiya sunayensu tun kafin ta buɗe akwatin.