Tambaya da Amsa: Kwashe Waƙoƙin Faifai Zuwa Kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji faya-fayen garmaho da dama daga mahaifina, akasarinsu na Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, kuma ina so in adana waƙoƙin a kwamfuta kafin su lalace. Na jona tsohuwar na'urarsa da kafar makirfo ta kwamfutata, amma sautin ya fito siriri, ga kuma gurnani a ƙarƙashinsa. Wane kaya ya kamata in saya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah Ya jiƙan mahaifinka. Matsalar ba daga kwamfutarka take ba, saboda haka kada ka kashe kuɗinka wajen canza ta. Sautin da allura ke ɗaukowa daga faifai ba shi da ƙarfi ko kaɗan, sannan tun wajen yanka faifan da gangan ake rage kaurin sauti a ƙara kaifinsa, bisa ƙa'idar RIAA, wato ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, da suka amince da ita a 1954. Dole ne sautin ya bi ta amfilifayar fono, wadda za ta ƙara masa ƙarfi ta kuma mayar da shi yadda aka rera shi, aikin da kafar makirfo ba ta yi.

Idan na'urar mahaifinka tana juyawa daidai, abin da ya fi sauƙi shi ne ƙaramin akwati irin Behringer UFO202, wanda yake da amfilifayar fono a cikinsa kuma yake shiga kwamfuta ta USB. Idan kuwa ta gaji, ka nemi irin Audio-Technica AT-LP120XUSB, domin ita ta haɗa komai a jikinta, kuma tana juya faifai a gudu 33 da 45 da 78, wato yawan zagayen faifan a minti ɗaya. A ganina allura ce ta fi cancantar kuɗinka, domin tsohuwar allura tana cin layukan faifai, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Wannan ne ya sa ba na ba da shawarar 'yan na'urorin nan masu araha da aka yi su kamar akwatin tafiya, waɗanda allurarsu ke danna faifai da nauyin da ya ninka giram biyun da allura mai kyau ke buƙata.

Ka duba faya-fayen ɗaya bayan ɗaya kafin ka sayi komai. Masu gudu 78 sun fi nauyi, suna saurin fashewa, layukansu sun fi faɗi, don haka allurarsu daban take, kuma ba a goge su da sifirit domin yana narkar da su. Idan kuma na'urar gwanjo za ka saya wadda aka shigo da ita daga Amurka, ka tuna wutarsu bolt 120 ce mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 230 mai bugu 50. Ko an sa mata taransifoma, wata injinta zai juya a hankali, muryar Shata ta sauka ƙasa da yadda ka san ta.

Gurnanin da kake ji yawanci daga rashin ɗaura siririyar wayar ƙasa ne, wato wayar "earth" da ke fitowa daga na'urar faifan, wadda ake maƙala wa kusoshin da ke jikin amfilifayar. Ka kuma cire cajar kwamfutar ka yi aikin da batir, musamman idan janareta ke ba ka wuta.

Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa. A saitin ingancin sauti, ka naɗa a kilohaz 44.1 da bit 16, ka rage ƙarar yadda ba za ta taɓa ƙololuwa ba ko a inda kiɗa ya fi zafi, sannan ka ajiye asalin a WAV ko FLAC, nau'o'in fayil da ba sa rage ingancin sauti, a wurare biyu, ka fitar da MP3 daga gare shi don tura wa 'yan uwa ta WhatsApp.