Abin hannun tsira a daji: a saya ko a bari?

Tambaya: Malam, ina yawan hawan duwatsu da kwana a daji. Na ga ana tallar wani abin hannu na saƙaƙƙiyar igiya, a makullinsa akwai usur, ƙyastu da ɗan kamfas. Ya isa ya fitar da mutum daga matsala?

Amsa: Ɗan'uwa, dabarar da ke bayansa ba ta da laifi. Jaka takan sulluɓe ta faɗa kwazazzabo, ko ruwa ya tafi da ita, sai a bar ka da abin da ke jikinka kawai. Amma kada ka ɗora wa abin hannun nan nauyin da ba zai iya ba.

Igiyar ita ce mai daraja a ciki, in ta gaske ce. Asalinta igiyar laimar dirowa daga jirgi ce, wadda sojojin Amurka suka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu. Mai lamba 550 tana jure nauyin kusan kilo 250, kuma in ka yanke bakinta za ka ga zare bakwai a ciki. Ta bogi kuwa wani tarkacen zare ake cusa mata. In an warware saƙar, da ƙyar ta wuce mita uku: ta isa kafa 'yar rumfa ko ɗaure karaya da sanda. Ko da wasa kada ka rataya da ita daga kan dutse, domin ƙulli da fizga suna rage mata ƙarfi.

Ƙyastun yana aiki ko ya jiƙe, sai dai gajere ne ƙwarai. Gwada riƙe shi da yatsun da sanyi ya ƙandarar, za ka gane abin da nake nufi. Ni dai leta a aljihu mai zif ta fi kwantar mini da hankali. Kamfas ɗin kuwa, kada ka yarda da shi sai ka gwada shi da wani kamfas mai kyau.

Da ni ne, usur zan fara saya, irin marar ƙwallo a ciki, don ruwa ba ya hana shi ƙara. Murya takan dushe da wuri. Busa uku a jere kuwa alamar neman agaji ce. Rataya shi a wuya da igiya mai tsinkewa in ta maƙale a reshe. Ka ƙara da 'yar tocila da siririn bargon leda mai ƙyalli, wanda ke tare ɗumin jiki.

Tambaya: Inda nake zuwa babu sabis ɗin waya. Me zan riƙe?

Amsa: Hajiya, nemi na'urar kiran ceto da ake kira PLB. Tana aika saƙo ta mita 406 MHz zuwa taurarin ɗan'adam na Cospas-Sarsat, tsarin ceto na ƙasa da ƙasa, ba kuɗin wata, amma ki yi mata rajista da sunanki. In kina son aika saƙo a amsa miki, sai irin su Garmin inReach, ita kuma ana biyan kuɗin wata. Ki maƙala ta a ɗamara, ba a jaka ba.